Ayarin da Bai Isa Sawakin Ba

Sunan garinmu Simsim, wato riɗi da Larabci, kudu da Gadarif. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa: in ya nuna aka yi jinkirin yanka, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa da Oktoba ta kama, zauren wasanmu na WhatsApp sai ya yi tsit, 'yan Kano su yi ta tambaya ko lafiya.

A 2022 na buɗe wasan. Ayari ne ya taso daga Kano a ƙafa, 'yan shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903, zai ratsa Borno da Wadai da Fashir har Sawakin, inda ake tsallaka teku zuwa Makka. Hanyar kakanninmu ke nan. Da yawansu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noma, ga mu nan har yau. Kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum ɗaya a ayarin, ni kuma bayan isha'i in rubuta halin da ake ciki: an isa rijiya, ruwan ba zai ishi mutane da jakuna ba. Sai kowa ya rubuta abin da nasa mutumin zai yi. Ba ka sa wa mutumin wani magana a baki.

Samun 'yan wasa ya fi rubutun wuya. Na kai talla zaurukan da ake karanta littattafan Hausa, mutane suka shigo tururuwa suna tambayar shafi na ɗaya. Da suka ji su ne za su rubuta, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na daina cewa “ku zo mu yi wasa”. Sai in rubuta: matar jagaba ta kusa haihuwa, ayari ba shi da ungozoma. Ranar wata 'yar Maraɗi ta shigo, har yau tana nan. A wasan kalankuwa ma ai sarauta ake naɗa wa saurayi, ba a ce masa ya zo kallo.

Sai matsalar haruffa. Namu na nan da Larabci suka yi makaranta, da baƙaƙen Larabci suke rubuta Hausarsu, 'yan Najeriya da Nijar kuma sai boko. Ni ke juya wa kowane ɓangare na ɗan'uwansa, wani lokaci har ƙarfe ɗaya na dare. Kuma ina jin daɗin aikin, don nan nake ganin kalmomin da muka riƙe su suka yar.

Wanda ke riƙe da madugu ɗalibi ne a Wad Madani, ya fi kowa iya rubutu. A Disambar 2023 ya yi shiru. Dokar da na kafa tun farko ita ce wanda ya kwana bakwai bai ce komai ba, a cire mutuminsa. Ayari ba ya motsi sai da madugu, mutane suka fara ƙorafi, biyu suka fita. Na san dakarun RSF sun shiga Madani, don masu gudu sun fara cika Gadarif. Duk da haka tsoron kada zauren ya watse ya fi ƙarfina. Na rubuta cewa zazzaɓi ya kama madugu kusa da Fashir, ya rasu da asuba, aka binne shi a gindin tsamiya. Ban taɓa rubuta abin da aka yaba kamarsa ba. Wata ta ce har hawaye ta yi, ni kuwa na kwana da fara'a.

A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a kusan duk Sudan. Da suka dawo, sai ga saƙo daga baƙuwar lamba. An ƙwace wayarsa a hanya, ya iso Gadarif da mahaifiyarsa, suna kwana a ajin wata makaranta. Ya roƙi in mayar da shi zauren. Na mayar da shi ban faɗa masa komai ba, ya nemi a turo masa abin da ya wuce, ya karanta jana'izar kansa. Abin da ya rubuto mini kawai shi ne: “Yaya, da ka bar ni a zango da jaki ɗaya, ai da na cim muku.”

Na soke dokar. Yanzu wanda ya ɓace a zango muke barinsa, da ruwa da mai jinya, komai daɗewa. Na ba shi haƙuri, na ce ya zaɓi wani mutumin, ko malamin ayari ko uban dawaki. Ya ce ya yafe, amma shi madugu ne, madugu kuwa ya mutu. Yana nan cikin zauren, ina ganin alamar ya karanta duk abin da na turo. Ayarin yana Ubayyid tun kafin damina, jagaba ke jan shi, kuma jibi za mu fara yankan riɗi.