Nauyin Hannu

A ƙasar Gumel, idan hunturu ya soma janye jiki, hazo ya washe, iska ta daina yankan fuska da asuba, masu dawaki sun san lokacin aiki ya yi. Sai a fito da sirada daga ɗaki a kakkaɓe, a shafa wa fatu mai, a duba majayin da ɓera ya ɗanɗana, a soma fita kilisa da dawakin da suka sha hutu a turke. A shekarar 2024 wannan shiri ya zo da gaggawa, domin ƙaramar Sallah za ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, kuma kowane mai doki yana so nasa ya fita hawa a murje.

Ni ba jinin masu doki ba ne. Ɗan manomi ne ni daga kudancin Katsina, abin hawan gidanmu jaki ne, daga baya keke, da na gama makarantar tauhidi kuma aka taimaka mini da babur. Da aikin ikilisiya ya kawo ni wannan ƙasa, na tarar da mutanen da doki ya shiga jininsu tun kaka da kakanni. Masarautar Gumel, wadda ake wa kirari da Lautai, ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. Barno ta bi, kuma a kan dawaki ta kare kanta daga maƙwabta masu ƙarfi irin su Damagaram da Haɗeja. Yaƙi ya wuce tuntuni, amma doki bai wuce ba. Har yau duk ranar Alhamis ana kai dawaki kasuwar Maigatari tare da raƙuma da shanu, kuma idan Sallah ta zo hakimai daga ɓangaren Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari sukan shigo Gumel da mahayansu su yi wa Sarki jafi.

Bayan gidanmu akwai wata ƙaramar barga ta wani dattijo, Musulmi, wanda mahaifinsa ya yi hidimar dawaki a fada. Dawakinsa uku ne kacal: wani tsohon akawal mai sanyin hali, da kili mai zafin kai, da goɗiya ɗaya. Kowace shekara a farkon bazara yakan tara yara biyar ko shida ya koya musu hawa. Ba ya karɓar ko kwabo. Ladan koyarwa shi ne shara da ɗiban ruwa da yankan ciyawa.

Autana yana da shekara goma sha uku a lokacin. Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi mini daɗi ba: tsakanina da shi magana ta kusa ƙarewa. Ya faɗi jarrabawa sau biyu, ni kuwa na sa shi gaba da faɗa safe da yamma, ina tuna masa cewa ɗan fasto ne, idon jama'a yana kansa. Ban taɓa ɗaga masa hannu ba, kuma da wannan nake yi wa kaina ta'aziyya. Yaron da a dā yake cika gida da surutu ya koma amsa mini da "to" da "a'a". Sai wata rana mahaifiyarsa ta gaya mini cewa mako biyu ke nan yana sulalewa da asuba zuwa bargar dattijon, ya dawo ya yi wanka kafin lokacin makaranta.

Washegari na bi sawunsa da niyyar in kamo kunnensa. Na iske shi da tsintsiya a hannu yana kwashe kashin doki, yana yi wa akawal ɗin magana ƙasa-ƙasa, magana mai tsawo, irin wadda na yi watanni ban ji daga bakinsa ba. Dattijon ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Malam Fasto, ka zo ganin ɗalibina? Zauna tukuna ka ga aikinsa." Kunya ta hana ni faɗin abin da ya kawo ni, na zauna.

Abin da na gani a safiyar nan da waɗanda suka biyo baya ya ba ni mamaki, don na zaci koyon hawa shi ne a ɗora yaro a kan sirdi. Ashe mako biyu na farko ƙafar yaro ba ta taɓa likkafa. Sai ya iya tunkarar doki ta gefen hagu, yana magana don dabbar ta san da zuwansa, gama doki yana gani sosai ta gefe amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, kuma abin da bai gani ba shi yake harbi. Sai ya iya cire kaska, ya iya duba kofato, ya san awon dusa da gero da ɗan jiƙon kanwa. Dattijon ya fi tsananta wa yara a kan abinci, domin doki ba ya amai; abin da ya shiga cikinsa ya shiga, harawa mai ruma ko gero fiye da kima na iya kwantar da shi a dare ɗaya. Shekarar kuwa ta zo da tsanani. An rufe iyakar Nijar tun watan Agustan 2023, hatsi ya yi tsada, damin harawar da yake sayowa daga ƙauyukan Sule Tankarkar ya zama abin lissafi. Na ga ranar da ya rage nasa tuwon don kada awon dawaki ya ragu.

Ko da aka fara hawa ma, da ragama kaɗai ake yi, ba linzami. Na tambaye shi dalili. Ya shiga ɗaki ya ɗauko linzami ya ɗora mini a tafin hannu. Ban taɓa duba shi kusa ba sai ran nan. Ƙarfe ne mai nauyi, yana da harshe da ke kwanciya cikin bakin doki, da zobe da ke zagaye haɓar ƙasa. In an ja, harshen ya tokare dasashi, zoben ya matse haɓa. Da shi ne mahayi ke tsayar da doki cak daga sukuwa a gaban Sarki. Ya ce, "Wannan ba na hannun yaro ba ne. Wanda bai iya juya doki da gwiwa da murya ba, in ka ba shi wannan, bakin doki zai yaga. Dokin da aka saba fizga kuwa bakinsa mutuwa yake yi, ka ja har ka gaji ba zai ji ba."

Na yi wa'azi a kan sura ta uku ta wasiƙar Yakubu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, inda manzon ya kwatanta harshe da linzami. Kullum abin da nake fitarwa shi ne ƙanƙantar ƙarfen da girman dabbar da yake juyawa. Shekara talatin ina faɗin haka ban taɓa riƙe linzami ba, ban kuwa taɓa tambayar abin da yake yi wa bakin da aka sa shi ciki ba.

Wata safiya, bayan an shiga azumi, dattijon ya ce in hau. Na yi ta kawo uzuri, ya ƙi. Aka ɗaura wa akawal sirdi, aka sa masa linzami tun da ni babba ne, na hau da ƙyar yara suna danne dariya. Mun fita bayan gari ana tafiya a hankali, sai wani babur ya wuce da ƙara, dokin ya ɗan zabura. Tsoro ya kama ni, na fizgi linzami da dukan ƙarfina. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, ya ja da baya, na zame na faɗi a yashi. Ban ji ciwo ba. Amma da na tashi na ga jini a gefen bakin tsohon dokin nan da bai taɓa cutar kowa ba, na ga ɗana ya rungume wuyansa yana lallashinsa, bai ko dubi inda nake ba. Dattijon ya kakkaɓe mini riga, ya ce a hankali yadda yara ba za su ji ba, "Malam, hannunka da nauyi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Duk mai fizga tsoro yake ji."

A daren nan na kira yaron ɗakina. Na yi niyyar dogon bayani, irin namu na masu wa'azi, amma abin da ya fito shi ne, "Na ji wa dokinka ciwo, ka gafarta mini. Kai ma na ji maka." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Baba, kwana uku zai yi ba a sa masa linzami. Jiƙaƙƙiyar dusa za a riƙa ba shi." Ya tashi ya fita. Washegari shi ya tashe ni da asuba, muka tafi tare.

Maganar ba ta tsaya a gida ba. Da aka ji cewa ɗan fasto yana shirin fita hawan Sallah, wani dattijon ikilisiya ya same ni bayan sujada. Mutum ne mai aminci, wanda ya sha wuya saboda bangaskiyarsa a garin da mu 'yan kaɗan ne, don haka ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Ya ce yau doki ne, gobe ba mu san mene ne ba, kuma in ɗan makiyayi ya tsallake shinge, da wane baki za a tsawata wa sauran? Na amsa masa cewa yaron ba filin idi za shi ba, hawan da ke biyo baya gaisuwa ce ga Sarkin da mu ma muke zaune ƙarƙashin inuwarsa, kuma mai bargar bai taɓa yi masa maganar addini ba, hasali ma shi ne yake koro shi gida ranar Lahadi. Bai gamsu ba. Har yau bai gamsu ba, kuma ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe. Muka tsaya a kan cewa yaron ba zai hau ba a shekarar, zai dai riƙe wa maigidansa doki a ƙasa. Na gaya wa ɗana hukuncin da dalilinsa, na kuma saurari nasa, abin da ban saba ba. Ransa bai so ba, amma ya yarda.

Ran hawa na tsaya cikin taro a rana, ƙura ta turnuƙe, algaita da tambura suna tashi. Na hango shi a gefen kili mai zafin kan nan, hannu ɗaya a ragama, ɗaya a wuyan dokin, bakinsa yana motsi. Bindigogi suna ta ƙara, dawakin wasu suna tirjiya, nasu yana tsaye.

Jarrabawar zango na uku ya ci ta da ƙyar. Da hunturun da ya biyo baya ya soma janyewa, dattijon ya aiko a gaya mini cewa zai fara da sababbin yara, ɗana ne zai nuna musu shara da cire kaska, kuma in ina so akwai tsintsiya guda da ba ta da mai ita. Na je. Mako biyu na yi ina kwashe kashin doki kafin ɗana ya ce wa maigidansa yana ganin za a iya gwada ni da ragama.