Awon Albarushi: Wane Littafi Za a Gaskata?

A Amurka akwai maharba da yawa da ba sa barin kwanson harsashi a ƙasa bayan sun harba ƙaramar bindiga. Sukan tsince shi su wanke, su sa masa sabon ƙyastu a gindi, su auna albarushi su zuba, sannan su ɗora sabon kan harsashi su matse. Wasu tsada suke gudu, wasu kuma 'yan gasa ne masu neman harsashin da ya dace da bindigarsu. Aikin hannun ba ya da wuyar koyo. Wahalar tana wajen lamba: albarushi nawa za a zuba?

Ma'aunin da suke amfani da shi sunansa giren, kuma giren 7,000 ne ke cika laba ɗaya, wato giram guda ya ɗan haura giren 15. Harsashin ƙaramar bindiga 'yan giren kaɗan yake ci, har tazarar da ke tsakanin awon farawa da iyakar da ba a ƙetarewa takan gaza giren ɗaya. Tsohon albarushin gargajiya, irin na bindigar mafarauta, yana yafe ɗan kuskuren awo. Na zamani marar hayaƙi kuwa, gwargwadon yadda aka takura shi gwargwadon saurin cinsa, don haka ƙari kaɗan kan haifar da matsi mai yawa.

Sabon shiga yakan sayi littafin Lyman, ya ƙara da na Hornady ko Speer, ya kuma duba abin da kamfanin albarushi irin su Hodgdon ko Vihtavuori na ƙasar Finland ya wallafa. Sai ya tarar da lambobi uku mabambanta a kan harsashi iri ɗaya da albarushi iri ɗaya, ya ɗauka wani ya yi kuskure. Galibi babu wanda ya yi. Kowane ɗakin gwaji ya yi aiki ne da nasa bututun, da nasa kwanson, da nasa ƙyastun, da albarushin da aka sarrafa a wani zubi na daban. Kawunan harsashi biyu masu nauyi ɗaya ma sukan bambanta a tsawo, kuma wanda ya fi tsawo ya fi nutsewa cikin kwanso ya rage wa wuta fili. A ɗan ƙaramin kwanso irin na 9mm, wannan kaɗai ya isa ya ɗaga matsi sosai. Saboda haka lambar da ke cikin littafi rahoto ce ta abin da ya faru a wani ɗaki da wasu kayayyaki ayyanannu. Duk wanda ya kwafe ta ya bar bayanin kayan a baya, rabin labari ya ɗauko.

Abin da ya bambanta waɗannan littattafai da jita-jitar filin harbi shi ne na'urar auna matsi, da kuma iyakar da ake gwada sakamakon da ita. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade wa 9mm matsin laba 35,000 a kan kowane inci murabba'i, .45 ACP kuma 21,000, .38 Special 17,000. Bin wannan ƙa'ida na ganin dama ne a Amurka, saɓanin ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, mafi yawansu a Turai, inda gwajin ya zama doka. Da can ana auna matsi ne da ɗan guntun jan ƙarfe da fashewar ke latsewa, sai a auna iya ƙanƙancewarsa. Na'urar lantarki da ta biyo baya tana nuna hawan matsin da saukarsa daki-daki, kuma ta tona cewa wasu tsofaffin lambobi sun yi zafi. Shi ya sa sabon bugu kan zo da awo ƙasa da na tsohon. Masu gunaguni sukan ce tsoron lauyoyi ne ya jawo haka. Mai yiwuwa da ɗan ƙamshin gaskiya a zargin, amma hujjar na'ura ta fi ƙarfi.

Masu ƙin littafi sukan kafa hujja da Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci daga jihar Idaho, wanda yawan cika .44 Special da ya yi ya share hanyar fitowar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Sai dai Keith ya taɓa fasa libarba a hannunsa tun yana matashi, kuma harsashin da ya shiga kasuwa sai da ya bi ta hannun injiniyoyin Remington da na Smith & Wesson. Dabarar da aka gada daga zamaninsa, ta duba gindin kwanso a ga ko ƙyastu ya baje, ba ta da amfani sosai a ƙananan bindigogi: kafin alamar ta bayyana a .38 Special, an daɗe da wuce iyaka.

Wannan harsashin yana da nasa tarkon. An ƙera shi ne a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, don haka awon zamani kan kwanta can ƙasan kwanso, har a iya zuba shi sau biyu ido bai lura ba. Sunaye ma suna ruɗarwa. Hodgdon ya fitar da Clays, da International Clays, da Universal Clays, kuma awon da ya dace da na ƙarshen haɗari ne idan aka yi shi da na farkon. Mutumin da ya rubuta wa abokinsa "Clays" kawai a gefen takarda bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa sunan ba.

Waɗanda suka daɗe a harkar sukan gwada sabon bugu biyu ko uku, su fifita wanda ya ambaci ainihin kan harsashin da ke gabansu da tsawon da aka gwada shi, su fara daga awo mafi ƙanƙanta. Mai na'urar auna gudun harsashi yakan dakata da zarar gudun ya kai wanda littafi ya rubuta a iyaka, ko da awon albarushinsa bai kai can ba tukuna.