Hawan Kibo, Inda Mota Ke Faɗin Gaskiyarta

Wanda ya taso daga Abuja ko Lafiya zai nufi Jos, in ya wuce Akwanga da Gwantu, ba da jimawa ba zai ga duwatsu sun tare masa gaba kamar ganuwa. Nan ne Hawan Kibo, a Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato, kimanin kilomita 60 kafin a shiga Jos. A gindin hawan akwai mafaɗar ruwa ta Assop, inda matafiya kan tsaya su sha iska. Daga nan hanya sai ta riƙa murɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, har a fita kan tudun nan da ya ɗaga birnin Jos wajen mita 1,200 bisa teku. Ko jirgin ƙasa da ya iso Jos daga Kafanchan a 1927, sai da aka yi masa kewaye kafin ya iya hawa wannan tudu.

Abin mamaki, iskar wurin sanyi gare ta, amma a nan ne motoci suka fi tafasa. Dalili kuwa shi ne mota na hawa da babbar giya, inji na aiki iyakar ƙarfinsa, alhali tafiyar ba ta da saurin da zai turo isasshiyar iska cikin lagireto. In kuma tirela ta shiga gabanka, to, sai rarrafe. Har ila yau, ruwa ya fi saurin tafasa a kan tudu. A Jos yana tafasa tun wajen digiri 96, ba 100 ba. Murfin lagireto mai kyau shi ke danne ruwan har ya haura digiri 110 bai tafasa ba, saboda haka ɗan murfin nan da ake renawa, in robarsa ta mutu, ya isa ya kwantar da mota. Duk wata ɓarakar da ta ɓuya a shimfiɗaɗɗiyar hanyar Keffi, ko tiyo mai ɗiga ne, ko fambel da ya saki, ko fankar da ta daina juyawa, a Hawan Kibo asirinta ke tonuwa.

Mai karatu, ka lura da wata yaudara. Idan allurar zafi ta hau har ja, sa'an nan ka ga ta sauko da kanta, kada ka ce Allah ya kawo sauƙi. Sau da yawa ruwan ne ya ƙare, ma'aunin ya rasa abin da zai auna. Direba ya ci gaba da taka mai, bayan 'yan mintoci mota ta mutu, ta kuma ƙi tashi.

To, a nan ake gane makaniken kirki. Ba ya buɗe lagireto nan take, domin tururin na saɓule fata, ba ya kuma yarda a kwarara ruwan sanyi kan injin da ya yi jawur, don yana iya tsaga ƙarfe. Sai ya sa a kafa waigi, a zuba ganye a kan kwalta daga nesa saboda manyan motocin da ke gangarowa, a jira kamar sa'a guda. Sa'an nan za ka ji ya ce, “Alhaji, ba ta wuta sau ɗaya mu ji.” Sau ɗaya ɗin nan kuwa yana da dalili, don kunnensa yake so ya yi aiki.

In inji ya juya da nauyinsa na kullum amma bai kama ba, mai mota ya gode wa Allah. Galibi wata waya ce zafi ya narkar, ko kwayil, ko na'urar nan da ke gaya wa kwamfutar mota juyawar karanshaf. Wannan gyaran bakin hanya ne.

In kuwa ya juya da sauri sakayau, kamar keken ɗinki, to, lamari ya fara girma. Ma'anarsa silinda ba sa riƙe iska. Makanike zai zaro sandar auna baƙin mai. In ya ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Zai cika lagireto, a juya inji, ya duba ko kumfa na tasowa. Zai kwance fulogi ya jera su bisa tsari, wanda ya fito fes kamar an wanke shi, silindarsa ce ruwa ke shiga. Mai kayan aiki yakan ɗaura agogon auna matsi. Wanda ba shi da shi sai ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, ya ji ko iska za ta ture shi. Silinda biyu maƙwabta su yi rauni tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu ke nan. Amma fa ba a nan ta tsaya ba. Kan injin yawancin ƙananan motocin yanzu na alminiyam ne, zafi kuwa na lanƙwasa shi. Lanƙwasar da ba ta wuce kaurin gashi biyu ba ta isa ta cinye sabon gasket cikin mako guda. Wanda duk ya ce maka zai sa gasket a bakin dutse ba tare da an kai kan inji an ɗora masa ma'auni an goge shi ba, kuɗinka yake so sau biyu.

Mafi muni shi ne ka murɗa makulli ka ji ƙas, shiru. Masu gaggawa sai su ce batir ne, su kawo wani, ko su tara mutane a tura. A ganina babu abin da ke kashe inji a Hawan Kibo kamar wannan turi, don gangaren na nan yana kiran mutum. In ruwa ne ya cika silinda, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe ko ta fasa cikin inji, aikin gasket ya koma sayen inji ɗungurungum. Abin da ya kamata shi ne a cire fulogi duka, a sa sufana a kan fulin karanshaf a juya da hannu. In ruwa ya yi tsartuwa ta ramin fulogi inji kuma ya saki, akwai sauran rai. In ya ƙi motsi ko kaɗan, fistin sun kumbura sun kama bango, watau inji ya buga.

Daga nan sai neman mai ja. Sama ake nufa, a wuce Riyom da duwatsunta masu ɗaurin kai, a bi ta Bukuru zuwa Jos, inda ake samun masu goge kan inji da 'yan kayan gyara na Dilimi. Kafin a ɗaure sabon gasket, mai mota ya nace a nuna masa ainihin abin da ya zubar da ruwan tun farko, a kuma wanke lagireto daga lakar ruwan rijiya, a mayar da tamostat in an taɓa cire shi. Masu sayar da dankalin Turawa da tumatir a bakin hanyar sun saba ganin mota guda ta tsaya a kwana guda sau biyu cikin wata ɗaya.