Madafar Inna da Zanen da Ya Zo daga Kwatano

A ginin gidan Bahaushe, madafa ce ake tunawa a ƙarshe. Da zaure ake fara shawara, domin shi ne fuskar gida, sai turakar maigida, sai ɗakunan mata, sai makewayi. Abin da ya rage na fili da na birki, shi ake jinginawa a jikin katanga a ce ga wurin girki. Dalilin a fili yake: masu yanke shawarar gini maza ne, masu wuni a bakin murhu mata ne, kuma ba safai ake haɗa su a tabarma ɗaya ranar da maso ya zo da igiyar awonsa ba. Ga shi kuwa babu wani ɗaki da ake shiga a fita a cikinsa daga asuba zuwa isha'i kamar wannan, babu kuma wanda rashin tsarinsa ke cin lafiyar mutum a hankali kamarsa.

Damanar 2024, wadda a cikinta tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba, ba ta bar gidanmu na unguwar Zango ba. Bangon gabas na madafa ya jiƙa ya zube, rufin ya bi shi. Yayanmu da ke kasuwanci a Kwatano ya ɗauki nauyin gyara, ya kuma aiko mini da hotuna ta WhatsApp: kabat-kabat daga bango zuwa bango, dogon dandamali mai sheƙi, wurin wanke-wanke na ƙarfe, murhun gaz mai baki huɗu. Hoton ya yi kyau, niyyarsa ta fi hoton kyau, domin ya tashi yana ganin idon mahaifiyarmu na zubar da ruwa a cikin hayaƙi. Na miƙa wa Inna salula. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "To, ƴar nan, a ina ake tuƙa tuwo?"

Madafar da ke cikin hoton tana da tarihi. A 1926 wata mai zanen gine-gine ƴar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara madafa domin gidajen ma'aikata a birnin Farankfot na Jamus. Faɗinta bai cika metir 2 ba, tsawonta bai kai metir 3 da rabi ba, aka kuma gina irinta kusan 10 000. Kafin ta zana, sai da ta auna motsin mai girki, ta ƙirga takunta, ta ɗauki darasi daga ƙananan madafan jiragen ƙasa. Daga baya, a shekarun 1940, masu bincike a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka suka yaɗa ƙa'idar kusurwa uku: murhu da wurin wanki da firigo su zauna kamar duwatsun murhu, tazarar kowane biyu tsakanin metir 1 da ɗoriya zuwa ƙasa da metir 3, kada kuma hanyar wucewa ta ratsa tsakiyarsu. Duk wannan an yi shi ne domin mace ɗaya, a tsaye, mai dafa wa ƙaramin iyali abincin da ya zo daga kanti a gyare. A gidanmu bakuna goma sha huɗu ke jiran akushi, hatsi kuma a buhu yake shigowa. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya cancanci aro a wurin matar nan shi ne dabararta: a dubi aiki tukuna, sannan a ja layi.

Haka na yi. Lokacin ana girki a tsakar gida ƙarƙashin ƴar rumfar kara, sai na ɗauki littafi na zauna kwana uku ina rubuta kowane aikatau da ya gilma. Na tuwo kaɗai ya cika rabin shafi: surfe, bakace, wanki, shanya, kai niƙa, tankaɗe, ɗora ruwa, talge, tuƙi, kwasa. Na miya ya kawo yanka da jajjage da soya da kaɗi. Fura ta zo da daka da kirɓi da cura da damu. A gaban kowane aikatau na rubuta abu uku: a wane yanayi jiki yake, me hannu ke nema, mutum nawa ke wurin. Da na gama, sai takardar ta nuna abin da ido ya saba gani har ya daina lura da shi. Daka a tsaye ake yin sa, yana buƙatar sarari a sama domin taɓarya, da ƙasa mai tauri wadda ba ta fashewa; wannan ya hana shi shiga ɗaki mai karo. Bakace yana son iska. Tankaɗe yana gudun iska. Tuƙin babbar tukunya yana son mai tuƙi ta zauna a kujera ƴar tsugunno, tukunya a ƙasa da gwiwarta, domin ƙarfin muciya daga kafaɗa da baya yake fitowa. Wadda ta ɗora tukunyar mutum goma sha huɗu a kan dandamali mai tsayin santimetir 90, ko dai ta hau kujera, ko talge ya ƙone ta. Yankan albasa da haɗin miya da dafa shayi ne kaɗai suka yarda da tsayuwa a gaban dandamali. Kuma ba a taɓa samun ƙasa da mata biyu a wurin ba, ban da yara.

Daga nan tsarin ya fito. Kusurwowinmu huɗu ne: ruwa, wuta, ma'aji, turmi. Biyu na son rufi da ƙofa, biyu na son inuwa da iska. Sai muka raba wurin gida biyu: ɗaki mai metir 3 da 4, da rumfar kwano mai girmansa a gabansa, ƙofa mai faɗin santimetir 90 tsakani, yadda buhu ko babbar tukunya za su wuce ba tare da an karkata ba.

Wurin da za a aza ginin shi ma sai da aka yi masa shawara da iska. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damana kuma daga kudu maso yamma, yayin da hadari ke tasowa daga gabas ya doki bango. Ɗakunan kwananmu suna arewa da yammacin gida. Tsohuwar madafa tana arewa maso gabas, shi ya sa kowane hunturu hayaƙi ke ratsa tsakar gida ya kwana a tufafinmu. Muka mayar da ita kusurwar kudu maso gabas, inda iskokin biyu ke fitar da hayaƙi waje. Bangon gabas aka bar shi babu taga, aka ɗaga tushensa, aka yi masa yaɓen siminti. Ƙofa ta dubi yamma, rumfa ta tare mata ranar la'asar. A bangon arewa da na kudu aka buɗe ƙananan tagogi can kusa da rufi, inda zafi ke taruwa.

Wuta biyu muka ajiye, kowace da wurinta. Gaz ya yawaita a garuruwanmu tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, amma wanda ya taɓa yawo da buteli wofi a bayan babur ya san ba a dogara da shi kaɗai. Murhun gaz ya shiga ɗaki, na icce ya zauna a ƙarshen rumfa, a kan ɗan dakali mai tsayin taki ɗaya, an kewaye shi da gajeren bango mai tare iska, an yi masa bututun hayaƙi da ya zarce rufi. A kan bututun nan ban yarda a rage ko dala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana halaka kimanin mutum miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Gaz ma da nasa sharaɗin: ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba ta fitar da shi. Saboda haka aka bar kafa mai raga a gindin bango, kusa da inda buteli ke tsaye, aka kuma nisanta shi da murhun icce. Mahaɗar tiyo da ruwan sabulu ake gwada ta. In ta yi kumfa, akwai yoyo.

Ruwa a Damagaram ba baƙon zance ba ne. Garin a kan dutse yake, pampo kuma ba kullum yake magana ba. Madafar da ta dogara da pampo kaɗai rabin shekara ado ce. Muka ja bututu zuwa rumfa, amma a gefensa aka gina dakalin da zai ɗauki randa biyu na Mirya da bido shida, kusa da ƙofar da ɗan ga-ruwa zai iya kaiwa ba tare da ya ratsa tsakiyar mata ba. Wurin wanke-wanke ƙasa aka yi shi, mai faɗin da babbar tukunya za ta kwanta, daɓen ya gangara da kamar santimetir 2 a kowane metir zuwa rariya, rariya ta zuba a rami mai murfi a cikin gida maimakon lungu. Wannan da wayoyin kuran duk an shimfiɗa su kafin yaɓe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan tsayin dandamali ne muka ɗan ja da maso. Ya ce santimetir 90 ake yi ko'ina, shi kuma bai taɓa yin wani ba. Na roƙi Inna ta miƙe ta lanƙwasa hannu, na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, na rage kamar faɗin tafi, awo ya ba da 80. Ya dube ni ya ce: "Malama, in baƙi suka gani za su ce ban iya aiki ba." Inna ta ce: "Malam, baƙi ci suke yi su tafi." Ya yi dariya ya gyara igiyarsa.

Mafi wuya shi ne yi wa Yaya bayani, domin kuɗinsa ne, kuma hoton nan alkawari ne da ya yi wa kansa tun yana yaro. Na aika masa da shafukan aikatau ɗin nan da zanen da na yi da hannu. Ya kira da dare ya ce: "Ƙanwata, so nake ta huta. Shekara nawa tana durƙuso?" Na ce masa hutun da yake nema yana cikin bututun hayaƙi, da ruwa a kusa, da ma'ajin da ba sai an tsallaka tsakar gida ba. Inna, wadda ba ta kama sunan ɗanta na fari, ta karɓi salula ta ce: "A gaya wa mutumin Kwatano, Allah ya yi albarka. Abin tsayuwar nan a bar wa matan ƙannensa, ni a bar mini kujerata." Aka tsaya a nan. Kabat ɗin sama aka soke, domin ƙurar hunturu da kyankyasai sun fi kowa son su, Inna kuma hannunta ba ya kaiwa. Aka yi kantoci buɗaɗɗu na siminti a ƙarƙashin dandamali, da kabat ɗaya mai raga domin kayan miya. Buhunan hatsi suka hau katako, taki ɗaya daga ƙasa, nesa kaɗan da bango saboda laima da gara. Firigo ya koma kusurwar da ta fi nisa da wuta, da sarari a bayansa. Kuɗin da aka rage ya tafi ga bututu da rami da ɗaga rufi.

Hunturu ya zo ya wuce, tufafinmu ba su yi warin hayaƙi ba. Matan ƙannen Yaya suna haɗa miya a tsaye a ɗaki, Inna tana tuƙi a zaune a rumfa, suna hira ta ƙofa, yara kuma suna da hanyarsu da ba ta bi ta gaban wuta ba.

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da malamai, mu ne za a kira in an tashi gyaran gidan iyaye, saboda an ce mun yi karatu. Kafin a sayi buhun siminti na farko, a nemi wadda ke girki a gidan, a zauna kusa da ita kwana biyu ko uku da littafi, a rubuta abin da take yi da inda take yin sa, a auna tsayinta, a tambaye ta daga ina hayaƙi ke damunta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da maso zai zo da igiyarsa kuma, a shimfiɗa mata tabarma a wurin.