Mai Tsayar Da Inji Yana Da Lafiya

A cikin ma'aikatan masana'anta akwai wanda ba ya riƙe sifana, ba ya walda, amma idan ya yi sake, injuna duka sai su tsaya cik. Shi ne mai tsara gyare-gyare. Wani mutumin Fika ya ci shekaru masu yawa bisa wannan aiki a ma'aikatar siminti ta Ashaka, wadda ta fara aiki cikin 1979 tare da haɗin gwiwar kamfanin Blue Circle na Ingila. Tana kusa da Bajoga, cikin Jihar Gombe ta yanzu, ba nisa da ƙasarsu. Hasali ma a ƙasar Fika an daɗe ana haƙo jifsam, wato ma'adinin da ake zuba kaɗan cikin siminti don kada ya daskare tun magini bai gama kwaɓi ba.

Zuciyar ma'aikatar siminti ita ce tanderu, wani dogon bututun ƙarfe wanda ke juyawa dare da rana yana gasa garin dutsen farar ƙasa da wuta mai zafin digiri kamar 1,450. An shafe cikinsa da tubali mai jure wuta. Tubalin nan kullum cinyewa yake yi, in kuwa ya zube, wuta ta taɓa ƙarfe, to, ɓarna ta auku. Kuma ba a kashe tanderu kamar fitila. Sai an bi shi a hankali, ana juya shi yana hucewa, don kada ya lanƙwashe, sa'an nan hura shi ma sai an ci lokaci mai tsawo.

To, aikin mutumin namu shi ne ya zaɓi ranar da za a tsayar da tanderu tun yana da lafiya. Watanni kafin ranar yakan zauna da littafin tarihin kowane inji: yaushe aka sa masa giris, yaushe aka canja bel, wane boris ne ya fara kuka. Sai ya leƙa sito ya ga abin da ke akwai, wanda babu ya sa a yi oda, gama wani ƙarfen sai ya ƙetaro teku, ya sauka Ikko, kana ya hau mota zuwa Arewa. Daga nan ya raba aiki tsakanin kanikawa da masu walda da masu lantarki da maginan tubali, kowa da ranarsa da sa'arsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuyar aikin ba a takarda take ba. A kowace masana'anta, ranar da aka tsayar da inji rana ce ta hasara a idon mai sayarwa, ga motoci a layi, ga dillalai suna jira. Dole mai tsara gyara ya iya tsayawa gaban manyansa ya nuna musu da lissafi cewa tsayawar da aka shirya ta fi arha bisa wadda ta zo ba sallama. Akwai kuma rayuka a wuyansa. Kafin mutum ya shiga cikin tanderu ko injin niƙa, sai an yanke wuta, an sa kwaɗo a makunni, mai shiga ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. Takardar iznin aiki guda in ta ɓata, wani gida na iya rasa uba.

In ya je gida da Salla, dangi sukan tambaye shi wane irin aiki yake yi, tun da ba a ganin baƙin mai a hannunsa. Yakan ce musu shi ne wanda ke tuna wa manomi ya kai garma maƙera, ya yaɓe rumbu, tun hadari bai haɗu ba. Sai su gane nan da nan.

Wanda ya ta da injin da ya mutu da tsakar dare, shi ake yi wa kirari. Wanda ya hana injin mutuwa kuwa, ba wanda ya san da shi, domin abin da bai faru ba ba ya da labari. Mutumin Fika ya yarda da wannan rabo. Amma duk mai injin niƙa, ko famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, ko janareton asibiti, zai amfana in ya ɗauki al'adarsa: a sami littafi, a rubuta ranar gyara, a kuma cika ta ko da inji bai yi ƙorafi ba.