Vom da mazarin da ke cikin ƙwan saniya

In ka bar Jos ka bi hanyar Bukuru, ka wuce tarin duwatsu da gonakin dankalin Turawa masu shingen kyarana, sai ga ka a Vom. Sanyi ne ke fara tarbar baƙo, don tudun ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku. A nan aka kafa tashar likitocin dabbobi a 1924 domin yaƙi da cutar bushiya, tashar da ta zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. Dab da ita ga kwalejin horar da malaman dabbobi, can gaba kuma ga shanun madara 'yan asalin Turai, masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, suna kiwo hankali kwance.

Kai irin waɗannan shanu Sakkwato a watan Afrilu ka gani. Nono zai ragu, a yi ta barbara ciki bai shiga ba. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwan saniya, wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba.

Tun karsana tana cikin uwarta aka ajiye mata ƙwayayenta, aka tsayar da su ba su nuna ba. Sai lokacin neman bijimi ya zo, sinadarin jiki ya ta da guda. Aikin da ke gabansa shi ne rage kayan gado: saniya na da kuromozom 60, ƙwai kuwa 30 ake so ya riƙe, maniyyi ya cike sauran. Abin da ke yin wannan rabo wasu siraran zaruruwa ne na furotin tubulin, waɗanda ke haɗuwa su yi kumburi a tsakiya da tsini a baki biyu, kamar mazarin kaɗi da ya ɗauki zare. Sauran ƙwayoyin jiki suna da cibiyoyi biyu da ke kafa wannan mazari. Ƙwai ba shi da su. Kuromozom ɗin ne da kansu ke kunna wani furotin mai suna Ran, shi kuma ya saki masu ginin, zare ya tsiro a kewayensu, wasu furotin masu ja su tattara bakunan. Rabin kuromozom ɗin ya tafi cikin wani ɗan ƙullutu da ake yarwa gefe, ƙwai ya sake tsayawa yana jiran maniyyi.

Ginin ba ya son wasa. Zafi ya yi yawa, zaren ya hargitse. Sanyi ya buge shi, ya warware. Shi ya sa masu nunar da ƙwan shanu a ɗakin gwaji ke riƙe shi a digiri 38.5 har kusan awa 24. In rabon ya karkace, cikin ba ya zama. Haka abin yake ga 'yan Adam, har ma ya fi: masu bincike a Gottingen ta Jamus sun nuna a 2022 cewa ƙwan mace yana da ƙarancin furotin KIFC1 da ke ɗaure bakin mazarin, alhali na saniya yana da shi wadatacce. Ɓari da yawa na watannin farko daga irin wannan kuskuren rabo yake, kuma abin yana mini ciwo in na ji ana ɗora wa mace laifinsa.

Da na dawo cikin gari na ratsa unguwar Abbatuwa, inda kwatar Jos take. A ƙasashe da dama daga kwata ake ɗebo gidan ƙwan shanun da aka yanka a kai ɗakin gwaji. Ga kwata, ga Vom, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Jos, ga farfarun shanun Fulani da suka saba da rana suna sauka daga manyan motoci. An riga an gano cewa ƙwan shanu masu tozo ya fi na shanun Turai jure zafi. Ina so ɗalibanmu su ɗora ƙwan Bunaji, wato farfarun shanun nan masu tozo, a ƙarƙashin madubin bincike a nan Filato, su gano abin da ke riƙe masa zarensa.