Dalilin da ya sa na sauke akwatuna biyar na koma amfilifaya guda ɗaya

Yau maganar kayan sauti za mu yi, musamman mu na karkara da sola ta zame mana wutar gida.

Saitin da na gada wajen Baba, Allah ya jiƙansa, akwatuna biyar ne: rediyo daban, dek na kaset daban, ikwalaiza, firi-amf mai daidaita murya, sai fawa-amf, babban da ke tura sifiku. Ɗaya bayan ɗaya ya haɗo su daga kasuwar Sabon Gari a Kano, duk gwanjon Japan. Sauti kam ba a magana. Amma kowane akwati da taransifomarsa a ciki, kowanne kuma sai wutar bolt 220. A nan Zakirai wutar layi ba kullum ba ce, don haka janareto ne ke riƙe da su. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sai jin labaran yamma ya koma lissafin lita.

Na sa sola da batir mai 100Ah, na haɗa saitin ta inbata. Ga lissafin: bolt 12 sau 100 ya ba da 1,200, amma batirin ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600 ke nan. Abin da ke jan wat 100 zai cinye wannan a awa shida. Mai jan wat 20 kuwa sai ya kai awa 30. Ita ma inbata tana cin nata kason wajen juya wutar. Kuma batirin nan shi ne fitilar gida, shi ne fankar yara lokacin bazara. To wa za a hana?

Ga kuma hunturu. Ƙura ta shiga ramukan wayoyin nan masu kan ja da fari, sai ka ji ƙugi, ko sifika ɗaya ta ɗauke. Akwati biyar, mahaɗa ta fi goma, kowacce abar zargi ce.

Shi ya sa na koma haɗaɗɗiyar amfilifaya, wadda firi-amf da fawa-amf ke cikin gida ɗaya. Tawa ƙarama ce, tana da FM, Bluetooth da ramin filash, kuma kai tsaye take shan bolt 12 daga batir, ba ruwanta da inbata. Irin da ake kira Class D ce. Tsofaffin Class AB ne, wajen rabin wutar da suke ja zafi take komawa, shi ya sa suke da ƙarfen sanyaya mai nauyi. Class D kuwa tana iya mayar da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa sifika.

In za ka saya, duba abu uku.

Na farko, kar 2000W da ke jikin kwali ya ruɗe ka, wannan PMPO ne, talla ce kawai. RMS za ka nema. Amfilifaya mai shan bolt 12 tsura, in ba ta da abin ɗaga wuta a ciki, da ƙyar take ba sifika mai om 4 wat 18. Ya ishi ɗaki da tsakar gida, bai ishi filin biki ba.

Na biyu, karanta om ɗin da ke bayan sifikunka. Masu om 8 guda biyu, in ka haɗa su a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Ka ƙara ta uku, ka sauka ƙasa da abin da yawancin ƙananan nan ke jurewa, sai ƙauri.

Na uku, ka tabbata akwai ramin AUX, ka kuma sa fiyus a wayar batir kusa da kan ja.

AUX ɗin nan shi ya sa ban rabu da dek ba. Akwai kaset ɗin Shata da na Ɗanmaraya, akwai kuma guda biyu masu muryar Baba yana ba da tarihin gonakinmu da iyakokinsu. Shi kaɗai nake kunna wa inbata yanzu, shi ma sai ranar da ake bukata.

Gaskiya akwai abin da na rasa. Bes ɗin tsohon fawa-amf ya fi cika ɗaki. Sannan da, in rediyo ya mutu, kaset na yi. Yanzu abu ɗaya ya ƙone, gida ya yi tsit. Mai gyaran rediyo yana iya canja taransistar tsohon da hannu, sabon kuwa sau da yawa sai dai a sauya allon gaba ɗaya.

Don haka wanda ke da tsayayyiyar wuta, ko mai sana'ar kiɗan biki, ya riƙe akwatunansa. Wanda kuwa batir ɗaya ke raba wa fitila, fanka da cajin waya, akwati ɗaya ya ishe shi. Sifikun dai kar ka sayar, a nan yawancin daɗin sautin yake.

Allah ya sa mu dace.